Yadda Ake Haɗa iDRAC na Sabar da Hanyar Sadarwa

A cikin kusan kowace babbar sabar akwai wata ƙaramar kwamfuta da ke maƙale a jikin babban faifan lantarkinta, tana da ƙwaƙwalwarta da adireshinta. Da zarar an jona wayar wuta, ko ba a taɓa maɓallin kunnawa ba, ita ta farka. Sunanta na gama-gari BMC. Kamfanin Dell na kiran tasa iDRAC, HPE na kiran tasa iLO, masu amfani da Supermicro kuwa IPMI suke cewa, da sunan ƙa'idar da Intel da HP da NEC da Dell suka fitar a 1998. Ta hanyarta ne mutum zai kunna sabar ko ya kashe ta daga wani gari, ya ga zafinta da gudun fankokinta, ya ga abin da ke kan allonta ko da Windows ko Linux ya ƙi tashi. Zan yi bayanin da Dell PowerEdge, amma tsarin ɗaya ne a sauran.

Kafin ka taɓa kebul, ka zauna da takarda ka yanke shawarar inda wannan na'ura za ta zauna. Wanda ya shiga iDRAC tamkar yana tsaye gaban sabar ne da makulli a hannu: zai iya kashe ta, ya goge faifanta, ya ɗora mata wani tsarin dabam. Saboda haka ba a haɗa ta da layin da ma'aikata da baƙi ke hawa. A ware mata nata layin, ko dai suwic na dabam, ko VLAN na musamman a kan suwic ɗin da ake da shi. A ce ka ware 10.10.50.0, sai ka rubuta: adireshin iDRAC 10.10.50.11, mask 255.255.255.0, ƙofar fita 10.10.50.1. Adireshi tsayayye nake so a nan, ba wanda DHCP ke rabawa ba. Dalili kuwa, ranar da za ka fi buƙatar iDRAC ita ce ranar da abubuwa suka lalace, kuma sau da yawa mai raba adireshin yana cikin sabar ɗin da ta mutu.

Sai kebul. A bayan sabar za ka ga wani rami shi kaɗai a gefe, an rubuta iDRAC ko an zana sifana kusa da shi. Shi ne ramin keɓe, shi za ka jona. Akwai kuma damar iDRAC ta raba rami ɗaya da sabar, wato LOM1 ko 'yan uwansa, abin da ke rage kebul. Ban cika son wannan ba. Idan aka canza saitin wannan ramin a suwic don buƙatar sabar, iDRAC ma sai ta ɓace, ga shi kuma sau da yawa sabar ba ta iya kaiwa ga iDRAC ɗinta ta ramin da suke rabawa. Sai dai a tsofaffin samfura masu iDRAC7, ramin keɓe ba ya aiki sai da lasisin Enterprise, to a nan dole ce take sa a raba.

Yanzu jona allo da kibod, ka kunna. Da tambarin Dell ya bayyana, danna F2. Shiga iDRAC Settings, sannan Network. Ka tabbata Enable NIC yana kunne, ka zaɓi Dedicated a NIC Selection. Gangara zuwa sashen IPv4, kashe DHCP, ka cika lambobin nan uku da ka rubuta, da na DNS in kana da shi. Akwai wurin VLAN ID a ƙasa, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa. Idan ramin suwic an riga an sa shi cikin VLAN ɗin kai tsaye, bar wurin a kashe. Sai in ramin na ɗaukar VLAN da yawa ne za ka sa lamba. Saɓani tsakanin waɗannan biyun yakan bar fitilar rami tana ƙiftawa amma babu amsa. Danna Back, sai Finish, ka amince a adana.

Idan sabar ta hannu ce aka sayo, kamar R720 ko R730, ka fara mayar da iDRAC saitinta na asali daga wannan shafin na F2 kafin komai. Ba ka san asusu nawa mai ita na farko ya bari a ciki ba.

Wanda sabar ɗinsa ke aiki da Linux kuma ba ya son ya kashe ta, zai iya saita adireshin iDRAC da ipmitool daga ciki: ipmitool lan set 1 ipsrc static, sai ipmitool lan set 1 ipaddr 10.10.50.11, haka netmask da defgw ipaddr, sannan ipmitool lan print 1 don ya ga abin da ya zauna.

Daga kwamfutar da ke kan layin, yi ping zuwa adireshin. In ya amsa, buɗe burauza ka rubuta shi da https a gaba. Za ta yi gargaɗi kan takardar shaida, domin na'urar ce ta sa wa kanta hannu. Ka wuce a karon farko, daga baya ka ɗora taka. Tsofaffin iDRAC suna zuwa da suna root da kalmar sirri calvin, kuma babu ɗan kutsen da bai san wannan ba. Masu iDRAC9 galibi kowace da tata kalmar, an buga ta a jikin ɗan katin da ake zarowa daga gaban sabar. Ko wacce ka tarar, canza ta a wannan zaman, ka kuma buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, domin kundin na'urar ya nuna wanda ya kashe sabar da sunansa.

A cikin saitin akwai IPMI Over LAN, mai sauraro a tashar UDP 623. In ba ka da manhajar da ke buƙatarsa, ka tabbata a kashe yake. A 2013 Dan Farmer da HD Moore suka bayyana raunin wannan ƙa'ida: IPMI 2.0 na miƙa sarrafaffiyar kalmar sirri ga duk wanda ya tambaya da sunan asusu, tun kafin ya shiga, sai ya tafi da ita ya fasa a tsanake. A ƙa'idar kanta matsalar take, shi ya sa sabunta manhaja bai kawar da ita ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba za ka taɓa buɗe wa iDRAC hanya daga intanet ta rauta ba. Mai son shiga daga gida ya bi ta VPN. Ka saita NTP don agogonta ya yi daidai, ka sabunta manhajar cikinta daga shafin Dell. Sabbin siga suna nuna allon nesa da HTML5, ba sai an yi fama da Java ba. Allon nesan, a yawancin samfura, lasisin Enterprise yake so.

Gwajin ƙarshe ka yi shi kana tsaye kusa da sabar. Ta burauza, kashe ta gaba ɗaya, ka ga ko shafin iDRAC na nan, sannan ka kunna ta daga can. Bi wayar wutar suwic da rauta ka tabbata suna kan UPS ɗaya da sabar, domin idan wuta ta ɗauke suka mutu, iDRAC na raye amma babu hanyar isa gare ta. Daga nan koma F2, cikin System Security, ka sa AC Power Recovery a kan On ko Last, yadda sabar za ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.