Abin Da Ke Hana Tarakta Tashi Bayan An Gyara Famfonta

Sa'ad da aka ba mu hutu na tafi gida Kiyawa, gabas da Dutse, na iske kawuna cikin ɓacin rai. Yana da wata tsohuwar tarakta, wadda manomanmu su ke kira tantan, ƙirar Massey Ferguson mai lamba 135. An fara ƙera irinta tun 1964, watau ta girme ni nesa ba kusa ba. Ruwan da ke kwance a gindin jarkokin man gas shi ya ci famfon da ke tura mata mai, har ta tsaya. Kawu ya sayar da riɗinsa, ya kai famfon Kano aka gyara. Aka dawo da shi aka ɗaura, aka murɗa makulli, injin ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa. Ga ruwan shuka ya sauka, mutane kuwa sun riga sun ba da kuɗin haro, kullum da safe suna tsaye a ƙofar zaure. Kwana biyu ana fama, har batir ya mutu. Kawu ya ce lalle mai gyara ya cuce shi.

Ashe ba wanda ya cuce shi. 'Yar iska ce, wadda ba ta cika cokali ba, ta shige cikin bututu. Domin ku gane yadda ƙaramin abu haka ya ke tsai da babbar mota, sai mu fara duban yadda injin kansa ya ke aiki.

Injin mai shan fetur yana da fulogi, shi ke ƙyasta wuta. Wannan irin kuwa, wanda wani Bajamushe, Rudolf Diesel, ya gama ƙirarsa a 1897, ba shi da fulogi ko ɗaya. Iska zalla ya ke zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma wajen kashi 1 cikin 18 na yadda ta shigo. In an matse iska zafi ta ke yi. Kowa ya taɓa bai wa keke iska ya san gindin famfo yakan yi ɗumi a hannu. A cikin injin zafin yakan wuce digiri 500, alhali kuwa a 100 ruwa ke tafasa. A daidai wannan lokaci a ke fesa mai ta kan nozul, ya fita laɓa-laɓa kamar hazo, ya kama da kansa. Aikin famfo ke nan: ya auna ɗigon mai, ya tura shi da ƙarfi ƙwarai, a kan lokaci, ba gaba ba baya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mai ba ya matsuwa. In famfo ya tura shi daga wannan baki, tilas ya buɗe nozul a wancan baki. Iska kuwa tana matsuwa. In ta shiga bututu, famfo ya tura, sai ta takure, ya saki, ta miƙe, nozul yana rufe abinsa. Watau halin nan na iska da ke kunna wuta a cikin silinda, shi ne kuma ke kashe injin in ta ɓata hanya ta shiga wurin mai. Wanda duk zai koya wa yara wannan, ya nemi sirinji marar allura, ya toshe bakinsa da yatsa, ya sa su danna da iska a ciki, sa'an nan su danna da ruwa. Na gwada da ƙannena, ko minti biyar ba a yi ba suka gane.

Ran kwana na uku aka ɗauko wani tsohon direba daga Shuwarin. Bai taɓa sifana ba tukuna, sai ya sa aka kawo batir mai caji, ya ce a murɗa, ya tsaya yana duban salansa. Na ce, “Baba, mi ka ke dubawa?” Ya ce, “Hayaƙi, ɗana. Da na ga farin hayaƙi, da na san mai yana isowa, ƙonewa ce ba ya yi. Ba hayaƙi ko kaɗan, mai bai iso ba ke nan.”

Ya fara daga tanki, ya bi hanyar mai daki-daki, gama in ka fara daga tsakiya, iskar da ka bari a baya za ta biyo ka. Ya cika tanki, ya wanke 'yar kwalbar nan da ruwa da laka ke taruwa a ciki, ya sa sabuwar filta. Ya sassauta notin kan filta, ya sa ni danna hannun ƙaramin famfon da ke jikin injin. Da fari na ji hannun sakwa-sakwa, ba ya jan komi. Ya ce a ɗan juya injin kaɗan, nan da nan kuwa ya yi nauyi. Kumfa ta yi ta fita, har mai ya zo garau, ya ɗaure. Haka ya yi wa notuna biyu na jikin babban famfo, na ƙasa tukuna, kāna na sama. Ya duba zanen da ke bakin famfo, ya ga ya yi daidai da na jikin injin, domin in sun saɓa ko da kaurin farce ne, feshin zai zo da wuri ko a makare. Ya kuma tabbata sandar kashe injin tana ture ciki. Ya ce ya sha ganin ƙatti sun wuni suna zufa, ita kuwa tana jaye.

Daga nan ya sassauta notunan bututu uku a wuyan nozul, ya sa giya a firi, ya buɗe totur, ya ce wa Kawu ya murɗa. Ba ya bari a wuce ƙidaya goma sha biyar sai a huta, kada sitata ta ƙone. Ni kuwa na miƙa hannu in ji ko mai ya fara fita, sai ya buge mini shi. Ya ce man da ke fita da ƙarfin famfo yana huda fata kamar allura, raunin ba ya ko nunawa, amma in ba a kai mutum asibiti da sauri ba yana iya rasa yatsa. Kusa da shi kuma ya ajiye wani guntun katako mai faɗi. Famfon da aka kwance, in an kuskure wajen haɗa shi, injin yakan tashi da gudu ya ƙi tsayawa, maganinsa kuwa a rufe masa kafar shan iska da katako, ba da tafin hannu ba.

A murɗawa ta uku mai ya fara tsartuwa. Ya ɗaure na farko, ya ɗaure na biyu, kafin ya kai ga na uku sai ta yi tari sau biyu, ta tuƙo baƙin hayaƙi, ta kama. Yara suka ɗau ihu. Kawu ya daɗe bai ce uffan ba, can ya nisa ya ce, “Astagfirullahi, na ɗauki alhakin bawan Allah.”

Tsoho ya bar ta tana aiki a hankali wajen rubu'in sa'a, yana shafa kowace mahaɗa da tsumma ko akwai yoyo. Da zai tafi ya ce wa Kawu kada a ƙara zuba mata mai ran da aka sayo shi. A bar jarka ta kwana, a tsiyaye na sama ta cikin mazurari mai rariya, na gindi kuwa a ajiye don wanke sifana. Da la'asar ta fita haro, aka fara da gonar wanda ya riga kowa biya.