Lambar da Ke Tona Asirin Masu Ninka Kuɗi

Jama'a, kowa ya ɗauko alƙalami ya rubuta wannan lamba: 1,073,741,824. Biliyan ɗaya ke nan da miliyan saba'in da uku da 'yan kai. Ana samunta ne idan aka ninka ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama takwas, haka dai har sau talatin.

Abin da ya sa muka kawo ta shi ne mutanen nan masu bin kasuwa da gidajen biki, da masu turo saƙo ta WhatsApp, suna cewa ka zuba kuɗi ka kawo mutum biyu, su ma kowa ya kawo biyu. Ku dubi tururuwar da ta samu ƙwayar gero a bakin rumbu. Ta koma ta kira biyu, biyun suka kira huɗu, kowace tana murna, ba wadda ta tsaya ta tambayi yawan geron da ke ciki. To ita tururuwa ma rumbu ta samu. Ku kuwa ba gona, ba shago, ba haja, kuɗin na baya ake miƙa wa na gaba.

Idan kowa ya kawo biyu, a hawa na goma ana neman mutum 1,024, unguwa guda ke nan. A na ashirin, 1,048,576. A na ashirin da takwas, 268,435,456, alhali ƙidayar 2006 mutum miliyan 140 ta samu a Najeriya duka, har da jarirai. Kafin a kai hawa na talatin da huɗu mutanen duniya sun ƙare. Ina za a samo sauran? Daga cikin aljanu?

Mun ga MMM, wadda Sergei Mavrodi ɗan Rasha ya ƙirƙira, mai alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Babban Bankin Najeriya ya ja kunne, aka yi kunnen ƙashi, sai ga shi a Disambar 2016 an rufe asusun mutane. Duk da haka magidanci da furfurarsa zai sayar da ragon layya, ko ya karɓi kuɗin adashin matarsa, ya kai wa wanda bai san ƙofar gidansa ba! Wannan sakaci ne, kuma malamai sun gaji da faɗa cewa riba da caca da cin dukiyar mutane da ƙarya haramun ne.

Ga ɗalibai kuwa: lambar nan da muka fara da ita cika ce, ba mara ba, kuma ban da ɗaya babu wata mara da ke raba ta daidai. Lambobi 31 ne kacal ke shiga cikinta ba saura. Ita ce 32,768 sau 32,768, ita ce kuma 1,024 sau 1,024 sau 1,024, ma'aunin da kwamfuta kan ƙirga giga ɗaya da shi. Wanda ya zauna ƙirga ta, ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, zai yi shekara 34 kafin ya kai ƙarshe.