Shin Dutsen Sao Tome Zai Sake Aman Wuta?

Tambaya: Ɗana ya samu aikin gini a tsibirin Sao Tome. An ce mini tsibirin gaba ɗayansa dutse ne mai aman wuta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Maamobi, Accra.

Amsa: Hajiya, abin da aka gaya miki gaskiya ne, sai dai ba a ƙarasa miki labarin ba. Dutsen ya daɗe da yin shiru. Tun zuwan Turawan Fotugal wajen 1470, ba a taɓa rubuta cewa ya yi amai ba.

Daga ƙarƙashin teku ya taso. Narkakken dutse mai ruwa-ruwa ne ya riƙa kwarara kamar kunu a faranti, ya daskare, wani ya hau kansa, shekaru miliyoyi, har tudu ya fito bisa ruwa. Shi ya sa ya yi faɗi, kuma masana ke kiran irinsa dutsen garkuwa. Ƙololuwarsa, Pico de Sao Tome, ta kai mita 2,024. A kudu akwai Pico Cao Grande, mita 663, tsaye zaƙal shi kaɗai: abin da ya daskare a maƙogwaron wani tsohon dutse ne, ruwan sama ya cinye gefensa. Bakin wutar Lagoa Amelia kuwa yanzu fadama ce, ciyawa ta rufe ta.

Mutane sun fi zama a gefen teku: babban birnin a arewa maso gabas, Neves a arewa maso yamma, Angolares a kudu maso gabas. Trindade na kan tudu kusa da birni. Tsakiyar tsibirin kuwa daji ne, wanda aka killace da sunan Obo a 2006.

Ina ganin tsoronki daga maƙwabta ya samo asali. Tsibirin na kan layi ɗaya na duwatsu masu aman wuta da tsibirin Bioko da Dutsen Kamaru, layin da ya miƙe har tsaunukan Biu. Dutsen Kamaru yana da rai, ya yi amai a 1999 da 2000. Amma wannan bai shafi inda ɗanki yake ba.

 

Abin da ya kamata ya kiyaye shi ne ruwa. Damina a can mai ƙarfi ce, koguna na gangarowa da gudu, kuma ambaliyar Disamba 2021 ta karya gadoji. Ki ce masa kada ya kama ɗaki a bakin kogi ko gindin gangare, ya kuma tafi da gidan sauro. Allah Ya tsare shi, Ya ba da sa'a.