Darasi: Bakin Yaro, Nauyin Jama'a

A karanta 1 Korintiyawa 12:12-26, inda Bulus Mai Tsarki ya kwatanta Ikklisiya da jiki ɗaya. Haƙori ƙarami ne, amma ran da ya yi ciwo, jiki duka ba ya barci.

Akwai cutar da ake kira noma. Takan kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Da kumburin dasashi da warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci. In ba magani, yawancin yaran sukan mutu. In an gane ta da wuri, magani yakan tsayar da ita. A 1999 aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato, amma Sakkwato da nisa.

Uwa ita kaɗai takan ce, bari mu ga gobe. Saboda haka ya wajaba Zumuntar Mata, katikis, malaman makaranta da maƙwabtanmu Musulmi, daga Barnawa har Sabon Tasha, su haɗa kai: a koya wa yara aswaki ko buroshi safe da dare, a rage musu alewa. Yaron da dasashinsa ke jini, a tara kuɗin mota a kai shi Asibitin St. Gerard da ke Kakuri, ko asibiti mafi kusa, a ranar.