Yadda Ake Kallon Baƙin Tsuntsaye a Bakin Dam Lokacin Kaka

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, tsuntsaye masu ɗimbin yawa kan gudo wa sanyin Turai da yammacin Asiya, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su yada zango inda suka fara samun ruwa da abinci: tafkin Chadi, fadamar Hadejia da Nguru, da madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa a jihar Kano. Sukan zauna har Maris ko Afrilu. A daidai isowarsu ne shamuwa, baƙuwar damina, take yin kudu.

Da farko a tanadi madubin hangen nesa mai lamba 8x42, da littafin rubutu, da tufafi masu launin ƙasa, domin farar riga tun daga nesa take korar tsuntsu. A guji madubin kasuwa mai jan gilashi da ake cewa yana jawo abu ninki ashirin, don rawa yake yi a hannu, yana kuma sa ciwon kai.

Sai a gaisa da mai unguwa da masunta, a nemi izinin masu gadi kafin a kusanci jikin dam. A fita da asuba, a tashi da hantsi.

Wajen zaɓen matsaya ake yawan kuskure. Ruwa mai zurfi kusa da bangon dam ba ya tara tsuntsaye. A nemi inda kogi ke shigowa, ko gefen da ruwa ya ja baya ya bar taɓo da ciyawa. Da safe a tsaya ta gabas, rana a baya, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi ƙirin zai bayyana. A zauna gindin bishiya a yi shiru na kamar rabin awa, tsuntsayen da kansu za su matso. Kada a shiga ruwan, saboda tsargiya.

Aiki mafi wuya shi ne tantance baƙo daga ɗan gida. Belbela da dinya da kirinjijiya 'yan gida ne. Baƙi kuwa ba sa isowa da adon da aka fi sanin su da shi a hotuna, domin wancan na lokacin hayayyafa ne a Turai. Namijin ƙaramar agwagwar da ake kira garganey yana da farin layi a saman ido da bazara, amma da kaka ruwan ƙasa yake kamar matarsa. Saboda haka dogaro da launi kaɗai ɓata lokaci ne. A duba girma, a kwatanta da tsuntsun da aka sani a gefensa. A duba tsawon baki da ƙafa, da yadda yake kiwo: yana caka baki cikin taɓo ne, ko yana tsinta a sama? A rubuta nan take kafin a buɗe littafin hotunan tsuntsaye.

A kan hanyar komawa a leƙa gonaki da makiyaya. Ƙaramin tsuntsu mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya tsakanin ƙafafun shanu yana kamun ƙwari, shi ma daga Turai yake.

Garke babba ana ƙirga goma ne, sannan a auna sauran da wannan goman. Idan an tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, a rubuta lambar da wurin da ranar, a kai wa masu bincike, kamar cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos. Kada a tayar da garke don ɗaukar hoto: tsuntsun da ya ƙetare Sahara hutu da abinci yake bukata.