Kafin Ku Raba Barguna

'Ya'yana, na ji kun haɗa kai domin taimakon masu kwana a titi. Allah Ya yi muku albarka. Duk wanda ya fita sallar asuba a Kano cikin sanyin Disamba ya gan su a ƙarƙashin gadoji, a rumfunan kasuwa da tashoshin mota, sun shimfiɗa kwali sun lulluɓa da buhu. Zuciya takan ce a sayi barguna a raba. Ku raba, akwai lada. Sai dai kuɗin da kuka tara ba su da yawa, don haka ku san abin da za ku sa a gaba.

Ku fara da sanin su, domin ba dalili ɗaya ne ya fito da su ba. Akwai ɗan ci-rani da ya bar gona bayan girbi, yana da gida a ƙauye, makwanci kawai yake nema. Akwai matar da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara ko Katsina da 'ya'yanta. Akwai almajirin da tsangayarsu ta cika, da bazawarar da ta kasa biyan haya, da mai taɓin hankali da danginsa suka gaji. Wannan na ƙarshe asibitin Dawanau yake buƙata kafin komai. Ku tafi da mai unguwa da liman, ku zauna ku ji ta bakinsu, ku rubuta. Kada ku ɗauki hoton kowa ku watsa a waya. Talauci ba ya cire wa mutum mutunci.

Bayan haka, ku nemi wurin kwana mai ƙofa, da ruwa da bayan gida, mata da yara su ne farko, domin dare ya fi yi musu haɗari. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da can zauren gida makwancin baƙo ne, fatake kuma suna da masauki a kowane gari, har zango ya zama sunan unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara. A Madina ma, Ahlus Suffa a masallacin Annabi (SAW) suke kwana, jama'a na ciyar da su. Yau mun rushe zaure mun yi shago. Ku duba unguwarku, ba za ku rasa kangon da mai shi zai ba da aro ko ya yi waƙafinsa ba.

Na uku, ku tare ɓarna tun daga tushe. Magidancin da mai gida ya ba wa wa'adi saboda hayar shekara, cika masa abin da ya rage ya fi sauƙi a kan ɗauko shi da iyalinsa daga titi. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, ta nuna mana cewa mai ɗaki kan wayi gari ba shi da shi. Suratut Tauba ta lissafa faƙirai da miskinai da matafiyin da guzuri ya ƙare wa cikin masu cin zakka. Ku kai wa Hukumar Zakka da Hubusi da attajiran unguwa sunaye da lissafi tsaf, domin mai bayarwa yana son ya san inda kuɗinsa suka tafi.

Kada ku yarda da masu cewa a kwashe su kawai. A 2020, lokacin korona, gwamnoni sun mayar da almajirai jihohinsu, amma ba a daɗe ba tituna suka sake cika, saboda abin da ya fito da su yana nan. Wanda ke da ƙarfi, ku haɗa shi da maigidan sana'a ko ɗan jari, ku riƙa bibiyarsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku jawo dattawa da mata da 'yan kasuwa cikin aikin, ku fara da gidaje biyu ko uku, ku riƙe amana. Allah Ya sa mu dace.