Mai Bi da Labarun Ban Tsoro

Karatu: Markus 5:1-20

Samari da yawa sukan tambayi pastocinsu ko ya halatta mai bi ya kalli silima ta aljanu da fatalwa, ko ya karanta littafin da aka rubuta domin a razana mutum. Dattawa sukan amsa da kalma ɗaya, su ce a'a. Yaro ya yi shiru, ya koma ɗaki ya kalla a wayarsa. Amsar nan ba ta taimake shi ba. Bari mu bi maganar a hankali.

Da fari, kada mu ce babu abin ban tsoro cikin Littafi Mai Tsarki. Duba karatunmu. Ga mutum yana zaune a makabarta, dare da rana yana ihu, yana yayyanka jikinsa da duwatsu. Kadan an ɗaure shi da sarƙa, sai ya tsintsinke ta. Ga kuma garken aladu wajen 2,000 sun rungumo ta gangare, sun halaka cikin teku. Ka tuna da Saul da dad dare wurin mai duba ta Endor, da hannun da ya yi rubutu a bango a gaban Belshazzar. Allah bai ɓoye mana duhu ba. Amma lura da yadda Markus ya ba da labarin. Aljanu ne masu roƙo, Yesu ne mai ba da izini. Inda Markus ya ambaci tsoron mutanen gari kuwa, a lokacin da suka ga mutumin a zaune ne, saye da tufa, cikin hankalinsa. Ikon Ubangiji ya fi ba su tsoro da haukan.

Masu rubuta labarun ban tsoro a ƙasashen Turawa sun yi aro da yawa daga wurin Ekklesiya. Bram Stoker, mutumin Ayaland, ya buga Dracula a 1897, labarin matacce mai shan jinin rayayyu domin kada ya ƙare. Duba yadda aka juya bishara baibai: Kristi ya ba da jininsa domin waɗansu su rayu, wannan kuwa yana karɓar na waɗansu domin kansa. Cikin labarin, gicciye yana korarsa. Sai dai a nan akwai tarko, gama an mai da gicciye kamar laya, ƙarfe ne da kansa yake aiki.

Wanda ya fi duka jawo gardama shi ne The Exorcist, watau mai fitar da aljanu. William Peter Blatty ya rubuta littafin a 1971, aka yi silimarsa a 1973. Blatty ɗan Katolika ne. A 1949, yana ɗalibi a jami'ar Georgetown a Amurka, ya ji labarin wani yaro da aka ce an fitar masa da aljan. Cikin littafinsa yarinya ce 'yar shekara 12, wadda ta yi wasa da allon kiran ruhohi. Likitoci suka kasa. Uwarta, wadda ba ta da addini, ta nemi wani fada mai suna Karras, shi kuwa bangaskiyarsa ta yi sanyi. A ƙarshe ya ce aljanin ya bar yarinyar ya shige shi, ya mutu ita ta tsira. Blatty ya ce nufinsa shi ne mai karatu ya gane, in mugun yana nan, Allah ma yana nan. Nufin mai kyau ne. Amma silimar cike take da saɓo da ƙazamar magana, masu wa'azi da yawa kuma suka tsine mata. A ganina, mutumin da ya fito yana tuna fuskar aljani fiye da mutuwar fadan nan bai sami abin da marubucin ya nufa ba.

A ƙasarmu ma mun ga fuska biyu. Living in Bondage na 1992 ya nuna wanda ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri domin kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat, har ya tuba. Wannan gargaɗi ne. Amma End of the Wicked na 1999 ya nuna yara ƙanana a matsayin mayu, mutane da yawa kuma suna ganin irin wannan ya ƙara hura wutar zargin yara da maita a kudu maso gabas, inda aka kori waɗansu daga gida, aka azabtar da waɗansu. A 2008 Jihar Akwa Ibom ta yi doka ta hana kiran yaro maye. An ambaci sunan Yesu cikin silimar, duk da haka tsoron da ta shuka ya faɗa a kan marasa ƙarfi.

C. S. Lewis, cikin littafinsa na 1942 a kan wasiƙun wani babban iblis, ya nuna kuskure biyu: mutum ya ce babu aljanu sam, ko kuwa ya cika marmarin sanin al'amuransu. Mu a nan, na biyun ya fi kama mu.

To, ɗan'uwa, ba za mu kafa maka dokar da manzanni ba su kafa ba. Romawa 14 ta bar irin wannan ga lamiri. Amma ka gwada kanka da gaskiya. Bayan kallo, kana iya yin addu'a ka yi barci, ko sai ka bar fitila a kunne? Ka soma duban tsohuwar maƙwabciyarka da wani ido? Kana neman wanda ya fi na jiya jini? In haka ne, ka bari. Kada kuma ka kalla a gaban ƙannenka, gama yaro ba ya raba wasa da gaskiya cikin duhu.

Kafin aji ya taru, kowa ya karanta Ayyukan Manzanni 19:11-20. Me ya sa sunan Yesu bai yi aiki a bakin 'ya'yan Siba bakwai ba? Wane irin littattafai ne mutanen Afisa suka ƙone, na labari ko na aikin sihiri?